Na ce ƙafarta ce, alhali idona ne

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, manya da yara, maza da mata. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana, akwai waɗanda muke haɗa sahu ranar Juma'a a cikin nan. Don Allah ku ba ni shawara. Ni dattijo ne, shekaruna sittin da takwas, ban yi lakkwal, wato makarantar boko, mai nisa ba, ku yi haƙuri da rubutuna.

Abin da nake so a ce ban yi ba a rayuwata magana ce guda, a waya na faɗe ta, ko minti ɗaya ba ta kai ba. Na yi wa matata ƙarya a wurin 'yarmu, tana zaune kusa da ni tana ji. Yanzu ta rasu, ba wanda zai warware maganar sai ni, kuma ranar Asabar mai zuwa dole in san abin da zan yi.

Ni mutumin Maraɗi ne, na zo Paris tun ina da ƙarfina, shekara talatin da wani abu ina tuƙin motar kai kaya shaguna har na ajiye aiki. A unguwarmu ta Goutte d'Or an san ni da cewa ban taɓa ko goge fentin mota ba, ni ma ina jin daɗin a faɗa. Allah ya ba mu 'ya guda, zan kira ta Nana, ba shi ne sunanta ba. A nan aka haife ta, ta yi karatu, ta yi aure a Lyon, can take aiki ita da mijinta. Uwarta kuwa mace ce mai riƙon al'ada, kunyar 'yar fari ba ta taɓa sakinta ba, ba ta kiran sunanta, ba ta rungumar ta gaban mutane, sai dai ta ce "ita wannan", da ta yi aure kuma ta koma "ta Lyon". Yarinyar da ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta na sumbatar su a ƙofar lakkwal ba ta gane wannan ba, ta ɗauka uwarta ce ba ta damu da ita ba. Ni ne mai wasa da dariya, ni ake kira idan abin daɗi ya samu. Na san kuskure take yi, amma ban taɓa zaunar da ita na yi mata bayani ba, don ina son zama na gaban goshi.

Da Nana ta samu cikin fari, uwarta ta ce sai ta yi mata jego kwana arba'in cif kamar yadda aka yi mata a gida. Nana ba za ta iya zuwa wurinmu ba, likitanta na can, mu kuma hawa na huɗu muke ba na'urar hawa. Su kuma ɗaki guda gare su, gado da madafa duk a wuri ɗaya, ba yadda za a yi suruka ta kwana ɗaki ɗaya da surukinta. Matata ba ta jin Faransanci sosai, ba za ta zauna wani wuri ita kaɗai ba. Ita ce ta kawo shawarar karaban, irin ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, ta ce tunda haihuwar za ta faɗo lokacin zafi, mu ajiye shi a filin da ake ajiye irinsa kusa da unguwarsu, ta dafa komai a ciki, ta riƙa kai mata safe da yamma. Na sayi tsoho mai kyau, na samu wani manomi Bature bayan gari da ke ba da wurin ajiya a rumfarsa.

Wata huɗu ta yi tana haɗa kayan girkin karaban ɗin nan. Tun farko ta kafa doka, ta ce kayan gida na gida ne, na karaban na karaban ne, ba za ta je Lyon ta tarar ta manto muciya a Paris ba. Tukwanenta na dalma da ta zo da su daga Maraɗi, waɗanda suka daina aiki tun da aka canza mana murhu zuwa na lantarkin zamani, su ta fara kaiwa, tana murna za su koma kan wutar gaz. Babbar ta ruwan zafi, madaidaiciya ta tuwo, ƙarama ta kunu. Ta yayyanka tsohon zanenta ta naɗe kowane kwano don kada su yi ta ƙara a hanya. Ƙaramin turmi ta sa shi cikin bokiti ta cusa ƙarƙashin benci, taɓarya ta ɗaure ta da roba jikin ƙafar teburi. Ta wanke kwalaben jam ta shanya, ta zuba kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, kimba, citta, kanumfari, da yake ba ta rubutun boko sai ta ɗaura wa kowace kwalba zare mai launi dabam. Kanwa da gero ta ce na kasuwar unguwarmu ba su yi mata ba, sai da ta sa ƙanwarta ta aiko ta hannun wani Alhaji da ya je gida. Yajin jego da hannunta ta daka, kwana biyu maƙwabta na atishawa. Na ce mata wannan kaya kamar za mu ciyar da bataliya, ta ce, "Malam, kai dai ka ja, ni na san abin da ke ciki."

Nawa aikin shi ne butel, wato tukunyar gaz, jarkokin ruwa, ashana, fitila, da jan motar. Wata rana na ce bari in gwada jan sa ni kaɗai. Wajen shiga babban titi kusa da Porte de la Chapelle wata babbar mota ta fito ta hagu, wallahi ban gan ta ba sai da ƙarar hon ta cika mini kunne. Ba a taɓa juna ba. Na samu gefe na tsaya. Na daɗe da sanin idona na hagu ya yi yana, ina ganin abu kamar ta bayan labule, amma ban gaya wa kowa ba. Na mayar da karaban rumfa a hankali, na dawo gida na ce komai lafiya.

Daga ranar na fara neman dalili. In ce tayar ajiya ba ta da kyau. In ce firigo ba ya sanyi yadda ya kamata. In ce babu abin kashe gobara. Mabuɗin gwangwani har uku na saya, kowane in ce bai yi ba. Duk abin da na ce babu, washegari sai ta nemo ta ajiye mini a kan teburi. Da dalili ya ƙare na ce kwanan watan da ke jikin tiyon gaz ya wuce, sai an canza. Ranar ne ta dube ni ta ce idan ido ne in faɗa, mu roƙi wani cikin abokaina ya ja mana, ba abin kunya ba ne. Na yi faɗan da ban taɓa yi mata irinsa ba, na ce ni da na shekara talatin a kan titi ita za ta koya wa mota, na ce in ta ƙara maganar idona a gaban wani ban yafe ba. Ba ta ƙara ba, har ta koma ga Allah.

Nana ta haifi namiji. Kwana biyu da haihuwa ta kira ta ce, "Papa, yaushe za ku taso? An riƙe muku wuri a filin." Na buɗe baki na ce mata Innarta ce ƙafarta ta matsa, ta ce ba za ta iya zaman karaban kwana arba'in ba, za mu zo suna a jirgin ƙasa. Ta ce, "Ça va, ba komai, Papa. Na saba." Matata na zaune tana ninke kaya. Da na ajiye wayar ta gama ninke zanen da ke hannunta, ta ce, "Malam, ƙafata lafiyarta lau." Iyakar abin da ta faɗa ke nan.

Mun je suna, kwana biyu muka yi a otel. Ta tafi da ɗan ƙullin yaji da kanwa a jaka, Nana ta karɓa ta ce merci ta ɗora kan firigo, ban ga ta buɗe ba. Uwar ba ta yi bayani ba, ga kunyar 'yar fari, ga rufa mini asiri. Surukar Nana ce ta riƙa leƙo ta ranakun hutu, ba wanka, ba kunu. Bayan wata takwas, wata ranar Talata bayan la'asar, matata ta faɗi a madafa, kafin a kai ta asibiti magana ta ɗauke, kwana uku ta cika. A wurin zaman makoki na ji Nana na gaya wa wata ƙawarta cewa ta yafe wa uwarta, ita dai haka Allah ya yi ta, ba ta iya son mutum ba. Ina nan zaune ina ji, na ci gaba da karɓar gaisuwa.

Bayan rasuwarta na je aka yi mini aikin idon. Bai fi minti ashirin ba. Yanzu ina gani tar.

Shekara ɗaya da rabi ban taka rumfar nan ba. Makon jiya manomin ya kira ya ce ya sayar da wurin, kowa ya ɗauke kayansa kafin ƙarshen wata. Na je na buɗe ƙofa, warin daddawa ya tare ni. Komai na nan yadda ta bari, gero ne kawai ya yi ƙwari. Na zauna a benci, na ɗauka zan yi kuka, ban yi ba, tun rasuwarta ban yi ba, ji nake kamar an yi mini allurar kashe zafi ba ta sake ni ba. Na jawo aljihun teburi na ga cokali biyar a naɗe, huɗu manya, ɗaya ɗan ƙarami. A kabad ɗin sama, bayan zanen goyo da majanyi sababbi, na ga wani ɗan kwanon sha mai fasasshen baki. Shi ne wanda take ba Nana koko a ciki tana jaririya. Na ɗauka ya ɓata tun da muka canza gida, ashe shekara talatin tana ajiye da shi. Nana za ta gane shi, ita ta fasa bakin da ta jefar da shi daga kan kujera, mun sha ba ta labarin.

Ga inda nake yanzu. Nana na da ciki na biyu, wata bakwai. Da na gaya mata zancen rumfa ta ce, "Papa, ka sayar da abin nan kawai, bai taɓa amfanar kowa ba." Akwai wanda zai zo ranar Asabar ya ɗauka, ya ce yana son sa babu komai a ciki. Idan na kwashe kayan na zubar, magana ta ƙare, Nana za ta ci gaba da kirana kowace Lahadi tana sa jikana ya ce mini Kaka, kuma za ta ci gaba da ɗaukar uwarta a matsayin matar da ba ta zo mata jego ba. Idan kuma na hana mai sayen, na ɗaura karaban ɗin na ja shi zuwa Lyon, tunda yanzu ina iya ja, na buɗe mata ƙofa, to ba sai na yi dogon bayani ba, zare da kwalabe za su gaya mata wanda ya shirya da wanda ya hana. Ban san ko za ta ƙara kirana ba. Ni kaɗai na rage mata, ita kaɗai ta rage mini. Kuma ina tsoron abin da irin wannan labari zai yi wa mace mai tsohon ciki. Na yi tunanin in kwashe kayan in kawo gida in jira ta haihu, amma na san kaina, ni ne mutumin da ya sayi mabuɗin gwangwani uku, in na ce sai an jima to ba ranar. Sannan kayan a cikin kwali ba za su zama kamar yadda ta jera su da hannunta ba.

Malamanmu na cikin zaure, wanda ya yi wa mamaci ƙarya, istigfari ya isa ko sai ya je ya wanke shi wurin wanda ya gaya wa? Iyaye mata, in ke ce Nana, kin fi so ki ji yanzu ko bayan kin haihu, ko kin fi so kada ki ji sam? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan, ku kun fi mu sanin zuciyarta, za ta iya duban fuskata bayan wannan? Kuma in akwai wadda za ta rubuto mini yadda ake dama kunun kanwa, daki-daki, ta taimaka, kanwar na nan ba ta lalace ba, ni dai ban taɓa kula yadda take yi ba.

Ba na neman a tausaya mini, mai zagi ma ya zaga, zan karanta duka kafin Asabar. Roƙona guda ne ga maza 'yan uwana, musamman waɗanda Allah ya ba mace mai shiru. Kada ku yi abin da na yi. In idonka ne, ka ce idonka ne. Kada ka ɗora laifinka a kan wadda ka san ba za ta musa maka ba, don ni tawa ba ta musa ba, ta ninke zanenta ta tafi da shi.