Ban sara ma babban jami'i ba

Litinin, 9 ga Mayu, 2022
Saura kwana biyar jarabawa. Wata biyar ke nan muna horon kadet a Kankia, da safe fareti, da rana gyaran famfon tuƙa-tuƙa. In na samu takardar shaida za a sa ni cikin masu gyaran famfunan Kusada. In ban samu ba, yayana Hamma ya ce in bi shi Fatakwal tura baro. Ba ni son in bar Inna ita kaɗai.

Asabar, 14 ga Mayu
An yi jarabawar rubutu. Ni da na tsaya aji huɗu. Na dai cike abin da na gane. Alhamdu lillahi, ta wuce.

Talata, 17 ga Mayu
Sajan Lawal, mai koya mana fareti, ya ce gobe babban jami'i zai zo daga Katsina. "Duk wanda bai ƙame ya sara mashi ba, ya tuɓe mani kakina."

Laraba, 18 ga Mayu

An kai mu famfon Tafashiya. Ni da Bishir, abokin horona, muna riƙe da bututun da muka jawo daga rijiya, wani na kwance mahaɗi. Sai ga mota. Sajan ya daka tsawa, kowa ya ƙame. Bishir ma ya saki bututu ya sara! Nauyin duk ya dawo kaina. In na saki, ya tafi ƙasa ke nan, unguwa ta rasa ruwa. Na rungume shi, ina durƙushe cikin caɓi, jami'in na tsaye bisa kaina. Ban ko ɗago ba.
Ya tambayi sunana, ya rubuta. Ya wuce.

Alhamis, 19 ga Mayu
Bishir ya zo ba ni haƙuri. Wai hannunshi ne ya tashi da kanshi. Na wanke kakin na ninke, ko za a ce in maido.

Alhamis, 2 ga Yuni
An liƙa sunayen waɗanda suka ci. Na bi sunana da yatsa sau uku: Maharazu Modibbo Yashe. Sajan ya ce, "Kai, mai taurin hannu, jami'in ya ce kai kaɗai ka san abin da ya kawo ku." Bishir ma ya tsallake, da ƙyar. Na zauna gindin darbejiya na daɗe.
Inna ta sa takardar shaidar cikin kwallarta.

Juma'a, 10 ga Yuni
Aikin farko, famfon bayan masallacin Yashe. Mai unguwa ya iso muna tsakar jawo bututu, ya yi sallama. Na ji bakina ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan dakata mani." Ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya kau dakata, har ya riƙe mani sifana.
Ba wani abu ba ne. Hannuna ne dai ba sarari.