Koren Mayafinki Yana Gindin Dutsen Kailash

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Rabi ta New Bell,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Allah Ya haskaka makwancinki, ina rubuto miki ne saboda wani al'amari ya faru a gidan nan wanda har yau ban dawo daidai ba, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Inna, koren mayafinki yana ƙasar Tibet. Wanda kika yi aikin Hajji da shi, mai zaren azurfa a baki. Yana can a gefen wani dutse da ake kira Kailash, an danne shi da duwatsu don kada iska ta ɗauke. Na rubuta wannan da hannuna, na sake karantawa.

Kin san wadda ta kai shi. Madam Kamla, 'yar Indiyar nan mai babban shagon atamfa a unguwar Akwa nan Douala, wadda kika yi shekara da shekaru kina sari a wurinta. Ke ba ki jin Faransanci sosai, ita ba ta jin Hausa, amma haka za ku zauna kuna ciniki kamar za ku daku, ki yi fushi ki miƙe har bakin ƙofa, ta jawo ki, a kawo shayi mai madara da citta. Kullum a hanyar gida sai kin ce, "Matar nan taurin kai gare ta, amma ba ta ƙarya." Ita ma na san abin da take faɗa a kanki ke nan.

Ranar da kika rasu ruwa ya cika unguwa, mota ba ta shiga lungunmu. Ta tuɓe takalmi ta ratso kwata, ta zauna a tabarma cikin mata tana ta cewa "Ashiya, ashiya," irin sannun mutanen garin nan, har muryarta ta dishe. Da aka yi sadakar arba'in muka buɗe akwatunanki, sai ta ja ni gefe ta ce tana son abu ɗaya mai ƙanshinki. Ni na miƙa mata mayafin. A tunanina za ta ninke shi ta ajiye a ɗaki, kamar yadda kowa ke yi.

Daga nan muka daina ganinta, aka ce ta yi tafiya. Sai ga ta ran wata Lahadi ta zo gida, ta rame, leɓunanta duk sun tsage, tana dogara sanda, amma fuskarta cike da murna. Ɗanki Yaya Bala yana nan, ya zo cin abincin rana. Ta zauna a kujerarki ta fiddo waya.

Ta nuna mana dutsen. Ƙato ne, fari fat a sama, shi kaɗai a tsaye. Ta ce 'yan Hindu irinta suna girmama shi, haka mabiya Buddha, haka wasu da ake kira Jain. Ba a hawansa, kewaya shi ake yi da ƙafa, kwana da kwanaki, a wurin da iska ba ta isar mutum numfashi. Wasu ma ba takawa suke ba, kwanciya suke su miƙe, su sake kwanciya, har su gama zagaye. Ina ta gyaɗa kai ina cewa ikon Allah, kamar mai kallon labarin wata duniya. Ban san da mu a ciki ba.

Sai ta matsa hoto na gaba. Wani gangare ne da aka zube tufafi birjik, riguna, huluna, har da gashin mutane. Ta ce a nan ake barin kayan wanda ake ƙauna ya mutu, don hanyarsa ta yi sauƙi. Ta buɗe hoton da yatsu biyu. Rigar mijinta marigayi, kusa da ita kuma mayafinki. Ta ce an ba ta doki ta ƙi hawa, saboda ke ta taka da ƙafarta.

Inna, ke da ko laya ba ki yarda an ɗaura mana ba. Ke da kike tashe mu da bulala idan asuba ta yi. Mayafin da ya tsaya a Arfa, shi ne a can tsakiyar ibadar da ba tamu ba. Na kasa cewa komai sai innalillahi, ita kuwa tana kallona tana jiran in yi mata godiya.

Yaya Bala bai kasa ba. Kin san shi. Ya miƙe har ya ture kwano, ya juya harshe zuwa Faransanci don ta ji da kyau. Ya ce wa ya aike ta, ya ce uwarmu ba ta bukatar dutsen kowa, ya ce ta dawo mana da kayanmu. Murnar nan na ga ta zube daga fuskarta. Ta haɗa tafukan hannu, ta ce "D'accord," wato ta ji, ta ɗauki sandarta ta fita. Ban bi ta ba.

Na ɗauka magana ta ƙare a nan, kowa ya kama gabansa. Ashe ban san matar da kika yi zama da ita ba.

Makon jiya ɗanta Anil ya same ni a ofis a unguwar Bassa, ya tsaya a bakin ƙofa ko zama ya ƙi yi. Ya ce mahaifiyarsa ta ba da sunanta cikin masu tafiya, za ta koma dutsen da zarar an buɗe hanya, za ta je ta ɗauko mayafin. Ya ce wancan zuwan ma sumewa ta yi a hanyar saukowa, ɗauko ta aka yi, kuma likita ya gaya musu zuciyarta ba za ta sake jure wurin ba. Sun yi magiya, sun ɓoye fasfo, ta daina cin abinci sai da suka fito da shi. Ta ce da hannunta ta kai, da hannunta za ta dawo da shi. "Ma sœur, a can za ta mutu," in ji shi, yana kirana 'yar'uwarsa da Faransanci. Wannan ya fi na farko gigita ni. Tsohuwa mai jikoki za ta je ta mutu a ƙanƙara saboda maganar da aka faɗa a tsakar gidanmu.

Na hau bensikin, acaɓar garin nan, na ƙetare gada har kasuwar Grand Hangar wurin Yaya. Ya ce shi bai ce ta mutu ba, amma bai janye ba. Na ce masa abin da ya bi ki kabari likkafani ne da aikinki, zane kuwa zane ne. Ya ce in na san haka me ya sa na yi salati da na ga hoton. Gaskiya ya faɗa. Kaina ya san abu ɗaya, cikina yana jin wani.

Jiya na je Akwa. Yaran shago suka nuna mini baya. Na same ta a matakalar da ke hawa sito, tana hawa tana sauka da sandarta, tana haki, zufa ta jiƙe mata wuya. Suka ce kullum haka take yi, wai tana shirya ƙafafunta. Na tare ta a tsakiya na riƙe hannayenta, na ce ta bar mayafin, ya zauna inda yake, ni na ba ta kuma ban ce ta dawo da shi ba. Ta dube ni ta yi tambaya ɗaya: Hajiya ba ta yi fushi ba?

Na ce ba ki yi ba. Da yawunki na amsa, Inna, ba tare da na tambaye ki ba. Ta zauna a matakala ta yi kuka irin na yara, sannan ta kira Anil ta ce ya je ya soke sunanta.

Ban sani ba ko kin yi fushi. Ba yadda za a yi in sani. Yaya ya daina ɗaga wayata tun da labari ya kai masa, kuma ni kaina idan na tuna hoton sai gabana ya faɗi. Amma ƙawarki tana raye, yau ma ta buɗe shago. Idan kuskure na yi, a kaina yake, ba a kanki ba.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Allah Ya sanyaya zuciyar Yaya, Ya ba Madam Kamla lafiya, Ya nuna mana gaskiya mu duka. Ni kuma Ya yafe mini maganar da na ara a bakinki.

Taki har kullum,
'yarki Hadiza,
New Bell, Douala.