Garwashin Tanti Na Ashirin Da Bakwai

Orangeburg, 2 ga Satumba

Ƙanena Lemuel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kana lafiya, kai da wannan karen naka da ka fi tambayar lafiyarsa a kan ta 'yan'uwanka. Ni dai ga ni kwance a gidan 'yata Vernell. Ƙugun da likitoci suka ɗaure da ƙarfe ya ƙi kai ni ko bakin ƙofa.

Ba zan yi maka kewaye-kewaye ba. Saura mako shida taron zango da cocinmu ke yi duk shekara, kuma ka san dokar kwamiti tun zamanin kakanni: tantin da ya yi taro uku a jere hayaƙi bai tashi daga murhunsa ba, ya fita daga hannun zuriya. Bara waccan ina jinyar mijina, Allah ya ba shi hutawa. Bara ina asibiti. Bana ce ta uku. Vernell ba za ta iya barina ba, ɗanta kuma yana aikin soja a Jamus. Jinin Mazyck da ya rage mai iya tsayuwa da ƙafarsa, kai ne.

Watan jiya mutanen gwamnati suka kafa allon ƙarfe a bakin hanya, wai Zangon Tupelo wurin tarihi ne, 'yantattun bayi 'yan Methodist suka kafa shi. Vernell ta kawo mini hoto. Sun rubuta "ƙananan gidajen katako", ko sunan tanti ba su san muna kiransu da shi ba. Allon ya yi kyau, amma bai san Kaka Cato ba, wanda ya sari katakon tantinmu na ashirin da bakwai da hannunsa, kuma allo ba ya hura wuta.

Abin da nake so ɗaya ne. Ranar Litinin da safe, in an busa ƙaho, Fasto ya kunna wuta a babbar rumfa, garwashi ya fara bin da'ira tanti bayan tanti, ka kasance tsaye da shebur a ƙofar ashirin da shida ka karɓi namu. Wutar ashana ba ta shiga lissafi, ka sani. Na kuma san wadda ke ashirin da shida, ba sai ka tuna mini ba.

Yayarka mai ƙaunarka ko da ba ka cancanta ba,
Earline

Toledo, 11 ga Satumba

Yaya Earline,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, na samu wasiƙarki, na kuma yi baƙin cikin jin ƙugun bai saki ba. Ina sa ki a addu'a kullum. Karen ya mutu tun watan Mayu.

Yaya, ki yi mini afuwa, ba zan iya ba. Ke kina bayan tanti kina fige kaji ranar, ba ki gani ba. Ina ɗan shekara ashirin da biyu. Ozella Fludd ta ashirin da shida ta juye mini garwashi a shebur, ni kuwa na tsaya kallon fuskarta maimakon kallon abin da ke hannuna. Shebur ya karkace, wuta ta zuba a kan busasshiyar ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasa. Kafin a ɗebo ruwa tantinsu ya cinye, har da bargunan da kakarta ta ɗinka da ginshiƙin da suke rubuta sunayen mamatansu. Mahaifinta, Baba Fludd, bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, "Lemuel, tafi gida." Na tafi, ban tsaya ba sai nan jihar Ohio.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ina jin kunya, Yaya, ba wani abu ba.

Ga shawarata. Ki roƙi kwamiti su bari wutar ta zo mana ta wajen ashirin da takwas. In sun yarda, zan zo, zan ma gyara rufin da hannuna.

Naki cikin ladabi,
Lemuel Mazyck

Orangeburg, 19 ga Satumba

Lemuel,

Ina gaishe ka, kuma ka yi haƙurin kare. Da ka faɗa mini da ban tsokane ka ba.

Na kira shugaban kwamiti, Ɗan'uwa Hezekiah, wanda har yanzu yake magana kamar yana karanta Littafin Firistoci. Ya ce, "'Yar'uwa Earline, tunda aka kafa zangon nan wuta ba ta taɓa komawa baya ba." Na ce masa, "Kai ma tunda aka haife ka ba ka taɓa yin gaba ba." Ya kashe waya.

Sai kuma na ji labarin da ya tayar mini da hankali. Jikar Ozella ce ta farko a layin masu jiran tanti. Jinina ya hau, na kira Ozella na ce, "Ashe jira kuke na mutu?" Ta ce, "Earline, ke da za ki binne mu duka? Ba ni adireshin wannan ƙanen naki mai santsin hannu." Na ba ta. In ta wanke ka tas, kai ka jawo.

Ka saurara da kyau. A jikin ƙofarmu akwai zanen tsayinka da Mama ta yi da fensir kowane taro, daga inda kake iyakar gwiwata har ka wuce ni. Ba na so baƙo ya shafe shi da fenti ina raye. Tsoro nake ji, ƙanena, kuma ka san ban saba faɗin haka ba.

Yayarka,
Earline

Zangon Tupelo, 1 ga Oktoba

Ɗan'uwa Lemuel,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun ne ya zama haka. Na zo share tanti, shi ya sa nake rubuto maka daga nan.

Yayarka ta ɗauka tantinku nake so. Jikata ta samu tanti na tara tun bazara, da zuriyar masu shi ta ƙare. Ban gaya wa Earline ba, don faɗa yana ƙara mata lafiya.

Akwai maganar da na riƙe shekara arba'in da ɗaya. Ka san ana share ciyawa taku uku daga bakin ƙofa kafin wuta ta iso. Ranar nan Mama ta sa ni sharewa, ni kuwa na tafi gyaran gashi saboda na san kai za ka zo karɓa. Ban share ba. Da na share, garwashinka a ƙasa zai faɗi, mu taka shi, mu yi dariya. Kai ka gudu da laifin gaba ɗaya, ni na yi shiru da rabona. Na gaya wa Baba kafin ya rasu. Ya ce ya sani tun ranar, kuma da ya ce ka tafi gida, ashirin da bakwai yake nufi, taku goma, don ya ga hannunka ya ƙone. Shebur ɗin da ka yar yana rataye a bangonmu, shi ya hana a jefar.

Shekara biyun nan, in wuta ta iso gare ni, nakan tsaya a ƙofarku da garwashi har na gama baiti ɗaya na waƙar yabo, sannan na wuce ashirin da takwas. Bana ba zan iya ba. Hannuwana rawa suke, ko kofin shayi sai na riƙe da biyu. Ina tsoron na zubar a hanya. Ina bukatar wanda zai zo ƙofata ya karɓa, kamar yadda aka saba.

Ka zo. Zan dafa shinkafa da kuɓewa, kuma na yi alkawari ba zan gyara gashi ba, don babu sauran abin gyarawa.

'Yar'uwarka cikin Ubangiji,
Ozella Fludd Simmons

Zangon Tupelo, 14 ga Oktoba

Yaya Earline,

Ina gaishe ki daga teburin Mama.

An busa ƙaho da safe. Da wuta ta iso ashirin da shida ina tsaye da tsohon shebur ɗin da Ozella ta sauko mini da shi daga bango. Ozella ta share ƙofarta har tana ƙyalli, ga kuma bokitin ruwa cike ta ajiye kusa da ƙafarta. Mutane suka kwashe da dariya. Ta ce, "Lemuel, wannan karon ka kalli shebur." Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Hannunta yana rawa, amma ta juye mini garwashin. Ko ɗaya bai faɗi ba.

Ɗan'uwa Hezekiah ya tsaya ya ga hayaƙin murhunmu da idonsa. Ki gaya wa Vernell ta kawo ki ranar Lahadi ko a kan katifa ne, na share miki ƙofa taku uku. Na tsaya jikin zanen Mama, Yaya. Tsayina ya ragu da faɗin yatsa biyu.

Ƙanenki,
Lemuel