Baba, Ni Ne Na Yanke Gaisuwarka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi, Baba. Bayan gaisuwa ta girmamawa irin wadda ɗa ke yi wa mahaifinsa, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Ɗanka Nasiru ne. Yau kwana arba'in da muka kai ka, kuma a shafin da na riƙa saka bidiyonka nake rubuta wannan, don masu kallonmu ma su ji abin da na yi.

Da na gama makaranta na rasa aiki, ni na roƙe ka in riƙa ɗaukarka kana gasa balangu a tukubarka ta bakin kasuwar Talata. Ka yi dariya, ka gyara hula, ka fuskanci waya kamar baƙo ne ya shigo zaure. Ka gaida mutanen Mafara, ka gaida na Bakura da na Maradun, ka tambayi gajiya da iyali da ruwan bana. Sai da ka ci minti guda kafin ka taɓa wuƙa.

Kusan babu wanda ya kalli wannan bidiyon. Kunya ta sa na cire shi daga shafin, na goge shi a waya.

Daga nan na koyi sana'ar. Na gane idan ba ka kama idon mutum a daƙiƙa uku na farko ba, ya wuce. Sai na riƙa farawa da kitse yana ɗiga a garwashi, da wuƙa tana ratsa nama, da yaji yana zuba. Na yanke gaisuwar. Daga baya na yanke fuskarka ma, na bar hannuwanka kawai, na ɗora tawa muryar a kai. Mutane suka yi ta zuwa, har direbobin hanyar Sakkwato suna tsayawa suna tambayar mai balangun waya.

Ran nan ka ce in nuna maka. Ka kalla har ƙarshe, ka ɗago kai ka ce, "To ina gaisuwar tawa?" Na ce maka mutanen yanzu ba su da haƙuri. Ka miƙo mini wayar, ka ce, "Mutanenka na, kai ka san su."

Amma ba ka daina ba. Duk ranar ɗauka sai ka gaishe su tsaf, ni kuwa ina tsaye ina jiran ka gama. In na koma gida in yanke, in goge, don waya ta samu wuri.

Akwai wata Talata da ba ta barina. Kana yanka, wuƙa ta suɓuce daga hannunka ta faɗi ƙasa. Shekara talatin kana fawa, ban taɓa ganin haka ba. Ban tambaye ka lafiya ba, Baba. Abin da na gani kawai ɗaukar ta lalace. Na sa ka sake, ta sake faɗuwa, na sa ka sake har sau uku. Hannunka na dama yana rawa a gabana, ni kuwa ta cikin waya nake kallonsa, ina tunanin inda zan yanke kada a gane.

Mako biyu bayan nan ɓarin jikinka ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana goma sha ɗaya muna asibiti kana bin mu da ido. Likita ya tambaya ko mun ga wata alama kafin nan. Na sunkuyar da kai.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka ragu, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce tunda kullum ina ɗaukarka, in kunna mata muryarka ta ji. Na zauna a gabanta ina bin bidiyo ɗaya bayan ɗaya. Hannuwanka, hayaƙi, nama, da muryata tana surutu. Tun tana kallona har ta koma kallon tabarma.

Guntu ɗaya na samu da na manta ban goge ba, na ranar wuƙar nan. Ana jina ina cewa, "Baba, sake yi." Sai kai ka ce, "To."

Shi ke nan abin da ya rage mana na muryarka.

Inna ta sa na maimaita mata shi sau huɗu. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta share ido da bakin hijabinta, ta ce, "Ashe ko hannunshi na ciwo bai yi maka gardama ba."

Baffa Sani ne a tukuba yanzu. Masu kallo suna ta tambayar yaushe sabon bidiyo zai fito, ni kuwa har yau na kasa ɗaga waya a wurin.

Ka yafe mini, Baba. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata shi, Ya ba Inna haƙurin rashinka. Allah Ya sada mu a Aljanna Firdausi, amin.

Ɗanka mai kewarka,
Nasiru,
Talata Mafara.