Ƙato Ya Manta, Ni Ban Manta Ba

Litinin, 5 ga Mayu
Ƙato ya dawo makaranta yau, kai naɗe da bandeji. Wai tun da ya faɗo daga kan katanga bai tuna kowa ba, har ƙanensa sai da aka nuna masa. Kafin ya shigo Malama ta ja mana kunne: likita ya ce kada a tayar masa da hankali, kada wanda ya ba shi labarin halinsa na da. Mu tausaya masa.

Tausayi! Yaron da ya raɗa min Tsohuwar Mota saboda in'inata. Shi ya koya wa 'yan bencin baya su miƙe suna "A tura! A tura!" duk sanda magana ta maƙale min. Tun bara ban ƙara buɗe baki a aji ba. Ga gwajin karatu a bayyane ƙarshen wata, kuma Malama ta rantse in na ƙi tashi wannan karon, sai na maimaita aji.

Laraba, 7 ga Mayu
Duk faɗin ajin nan, kusa da ni aka ajiye shi, wai ba ya ganin allo daga baya. Har da ce min, "Sannu, ya sunanki?" Wallahi kamar in kwaɗa masa littafi a kan bandejin.

Alhamis, 8 ga Mayu
Birona ya faɗi, ya ɗauko min. Na bar masa abinsa a tebur. Abin da hannunsa ya taɓa!

Talata, 13 ga Mayu
Umma ta ce in yi haƙuri, Allah ne ya shirye shi. To ni fa, Umma? Shi ya sauke kayansa ya huta, ni aka bar wa dako. Kowa sai yabonsa yake don ya share allo. Ni da nake share shi tun farkon shekara, ko sannu.

Kullum da safe sai ya turo min biron nan gefena, ni kuma in mayar masa.

Jumma'a, 16 ga Mayu
Kansa na ciwo, ya roƙe ni in karanta masa abin da ke allo. Ban san abin da ya hau kaina ba, na fara a hankali, na maƙale. Na jira dariya. Shiru. Ya ce, "Kada ki yi sauri, ni ma yanzu sai na lalubo magana." Ya tsaya har na kai ƙarshe. Ko yayata ma ƙarasa min zance take yi. Sai shi, duk duniya! Haushi ya hana ni cin abincin rana.

Talata, 20 ga Mayu


Malama ta tashe ni in gwada karatu kafin ranar gwajin. Layin farko na maƙale, 'yan baya suka fara "A tura!" Sai Ƙato ya daki tebur ya miƙe. "Wane marar imani ne ya fara wannan? Ku nuna min shi!" Kowa na kallon takalminsa. Malama ta ce ya zauna, ya ƙi. Ya juyo gare ni: "Ke gaya min, yau sai na fasa masa baki."

Na buɗe baki, harafin farko ya ƙi fita. Na yi ta fama, gumi har wuya. Shi kuwa yana tsaye yana jirana. Da ƙyar ta fito: "Kai ne."

Daga nan ban tsaya ba. Sunan, turawar, ranar da na yi kuka a bayan banɗaki, duk na zazzage masa da ƙarfi, gaban kowa. Ya zauna kamar an zare masa laka.

Wa aka sa sharar aji saboda karya dokar likita? Ni!

Laraba, 21 ga Mayu
Bai zo ba. Ina ruwana.

Alhamis, 22 ga Mayu
Yau ma. Benci ya yi min faɗi, na sake sosai. (Ko ciwon kan ne ya tashi?)

Jumma'a, 23 ga Mayu
Ya zo, idanu a kumbure. Ya ce, "Ban tuna ba. Amma na tambayi ƙanena, ya ce haka nake har a gida." Can ya ƙara, "Ba zan ce ki yafe min ba." Gara da bai ce ba, don amsar tana bakina.

Litinin, 26 ga Mayu
Yau aka yi gwajin, na karanta shafi guda cur! Na maƙale, ban ma san sau nawa ba. Wani a baya ya fara "A tu…", Ƙato juyawa kawai ya yi, yaron ya haɗiye sauran. Malama ta ce na wuce.

Ban yafe ba. Shi faɗuwa ɗaya ta wanke shi, ni kuwa komai yana nan daram a kaina, kuma har gobe ina jin haushi.

Da biron nan nake rubutun yau. Ai dama nawa ne, don na ɗauka ba wani abu ba ne.