Sha Biyun Baba Gaji

Asabar, 6 ga Agusta, 1994
Na je gida, bayan Jahun. Ruwa ya shiga tsakanin gari da tudun da gonar Iya take. Jirgin Baba Gaji mai fito ya tsufa, yoyo yake, kuma gari guda ke layinsa. Bara geron Iya sai da ya jiƙe kafin layi ya zo kanta. Na ce mata bana ba za ta roƙi kowa jirgi ba, ni zan ƙera mata. Mutumin da ya yi wa ma'aikatan Dutse kujeru sama da ɗari, kwale-kwale ne zai gagare shi?
Na tambayi Baba Gaji tsawo. Ya ce sha biyu. Ya fara wani dogon bayani, na ce Baba mota za ta tashi.

Litinin, 22 ga Agusta
Katako dama ƙafa goma sha biyu yake zuwa, ko yanka ban yi ba. Na haɗa, na toshe da kwalta, na shafa kore. Mutanen unguwarmu ta Limawa sai tsayawa suke a ƙofar shago suna kallo.

Lahadi, 4 ga Satumba
An sauke shi a bakin ruwa. Baba Gaji ya ɗora gwiwar hannu a goshin jirgin, ya bi shi kamu-kamu, ya tsaya a takwas. Ya ce, "Gwadabe, ina sauran?" Wai shi kamu sha biyu ya ce, ƙafa goma sha takwas ke nan. Ni na san wani kamu? Mu da tef ɗin awo muke aiki.
Na ce gajere ya fi rashin nauyi, marar nauyi kuwa ya fi gudu, ko a makaranta haka ne. Ya ce, "To, Injiniya." Aka yi dariya. Ban ji daɗin Injiniyan nan ba.

Alhamis, 8 ga Satumba
An yanke gero, dami arba'in da ɗaya a tudu. Ruwa na ƙaruwa. Ni da Yaya Sale muka shiga. Duk filafili ɗaya sai goshin jirgin ya karkace, in na ja dama ya yi hagu, in na ja hagu ya yi dama. Rabin ƙarfina a miƙar da shi yake tafiya. Da na ɗaga hannu sai ya tsaya cak. Na ƙara ƙarfi, sai ruwa ya taru a gabansa, gindinsa ya zauna, gudu bai ƙaru ba.
Baba Gaji ya wuce mu da mata shida da akuya. Ya ja ɗaya, ya huta, jirgin na ta sulalewa da kansa, ga yoyo. Na ƙirga jan filafili a dawowa: nawa ɗari biyu da goma, nasa bai kai ɗari da ashirin ba. Mutum mai shekara saba'in.
Dami huɗu kawai muke ɗauka. Sawu uku, kafaɗata ta mutu.
Amma a cikin ciyawa nawa ya fi nasa saurin juyawa. Wannan kowa ya gani.

Juma'a, 9 ga Satumba
Ruwa ya taɓa damman ƙasa. Da Iya ta ji, sai ta ci gaba da tankaɗenta. Da ma faɗa ta yi.

Asabar, 10 ga Satumba
Yaya Sale ya ce in je in roƙi Baba Gaji. Na ce ba roƙo zan yi ba, shawara ce tsakanin masu sana'a. Na same shi yana kwarfe ruwa da ƙwarya. Ya ce, "Ɗana, dogon jirgi ruwa yake yankawa, gajere ture shi yake. Abin da na so faɗa maka ke nan, motarka ta hana." Ya ce kuma kar a zarce, in ya yi tsawo da yawa mutum ɗaya ba ya iya sarrafa shi, ga shan iska.
Ya ajiye layinsa ya yi mana sawu uku. Dami biyar sun riga sun lalace. Biyar ɗin nan na san wuyan wa suke.

Laraba, 14 ga Satumba
Na sa zarto a tsakiyar jirgina. Sai da na kau da kai. Na ƙara katako a ciki, Baba Gaji na zaune yana nuna inda za a sa ƙusa. Aikin dai nawa ne.

Lahadi, 18 ga Satumba
Ja ɗari da talatin, da Iya a ciki, ko haki ban yi ba. Ta ce jirgin Gwadabe ya girma.
A shago wani ya zo yana son benci, na tsinci kaina ina aunawa da hannu. Tef ɗin yana aljihu, ba nisa. Sauri nake, shi ya sa.