Ƙasar Gindin Gwaiba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Tunda ka daina ɗaga wayata, ga takarda, in ka ga dama ka yaga.

Inna ta ce za ka sare gwaibar marigayi Baba ka daɓe tsakar gida da siminti don motarka ta samu wurin kwana. Yaya, kada ka soma.

Ka tuna zuwana na bara, da na ɗebi ƙasa a gindinta da cokali kana min dariya? Na shuka ta a faranti a ɗakin gwajinmu, wata ƙwayar halitta ta tsiro, fara kamar alli, tana ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Na zuba mata irin ƙwayar cutar da ta ci ƙafar Baba, wadda aka yi ta yi masa allura ta ƙi ji. Wallahi Yaya, cutar ta cika farantin amma ta kasa matsawa kusa da ita, sai wani fili fes da ya zagaye ta. Na zauna na yi kuka.

Mun gwada ta da duk waɗanda aka sani, ba ta yi daidai da ko ɗaya ba. Amma ba a raɗa wa sabuwar ƙwaya suna sai an ajiye ta da ranta a ma'ajiya, wasu masana su gani da idonsu. Ana cikin haka firizarmu ta lalace a lokacin hutu, duk abin da ke ciki ya ruɓe. Yanzu in tana nan a duniya, to tana cikin saiwar gwaibar nan.

Ka ɗaga min ƙafa har in samu izinin zuwa. Ka gaishe da Inna da yara.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta, Likitar Turɓaya,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso, kowa lafiya.

Ke dai ba ki rabo da abin mamaki. Mutane suna karatu su fita daga ƙasa, ke kin yi karatu kin koma cikinta. Na riga na sayi siminti, kuma siminti ba ya jiran kowa, in ya sha sanyi dutse yake zama. Ni magini ne, ƙasa kuwa na fi ki saninta, ko'ina ƙasa ce.

Duk da haka ban ƙi ta taki ba. Na sa leburori sun haƙo miki buhu guda daga gefen bishiyar. Da na duba sai na ga duk kashin kaji ne da ruɓaɓɓen ganye, na ce ba za a kai wannan ƙazanta ofishin ƙanwata a raina mu ba. Na sa aka rairaye ta, aka wanke da ruwan bilic, aka gasa a kan kwano har ta bushe. Ko a asibiti ba za ki samu ƙasa mai tsabtar wannan ba. Direba zai kawo miki. Ba sai kin yi godiya ba.

Inna na gaishe ki. Ki riƙa cin abinci.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, don ba a raine ni da rashin gaisuwa ba, amma raina a ɓace yake.

Ka wanke min ƙasa? Da bilic? Kai jama'a! Ai gawa ka aiko min a buhu. Abin da nake nema mai rai ne, kuma wannan ƙazantar da ka gani ita ce abincinsa. Na shuka faranti bayan faranti daga buhunka, ko ƙura ba ta tsiro ba. Abokan aikina sun yi dariya har da riƙe ciki.

Shugaban sashenmu ya ce in haƙura, wai abin da ya mutu ya mutu, in kama wani aikin. Na ce masa sam. Kai ma sam nake ce maka. Ban ƙi motarka ba, Allah ya ƙara maka wata. Amma na tsaya a kan Baba ina riƙe da takardun digiri, likita yana cewa babu sauran maganin da zai kama, ban iya komai ba. Yanzu na ga abin da wataƙila zai kama, ko ba don Baba ba don uban wani, shi ne za ka binne shi saboda taya huɗu?

Ban yi maka alkawarin zan sake samunta ba. Mai yiwuwa in tona in tashi hannu wofi. Amma sai na tona. Da izini ko babu, ina tafe, kuma a gindin gwaibar zan shimfiɗa tabarma. In kana da zuciya ka zuba simintin a kaina.

Ka gaishe da Inna.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Na karanta, har sau biyu.

Kin ce kin tsaya a kan Baba. Ni ne nake wanke ƙafar, safe da yamma, da duk abin da aka ce yana kashe cuta. Wanki kawai na iya, shi ya sa na wanke miki ƙasar.

An zuba siminti jiya. Na ja layi da kaina, na bar gwaibar da filinta iya inuwarta, na ce duk wanda ya ɗiga kwaɓi a ciki ya ajiye cebur ya tafi gida. Motar ba ta shiga, a titi take kwana.

Ki taho da cokalinki. Ban share ba, ban taɓa ba, kajin ma na bar su suna ta aikinsu a wurin.

Allah ya kawo ki lafiya.

Yayanki